Ruwa, Taɓo Da Hanyar Komawa Gida: Yadda Filayen Tseren Mota Ke Fama Da Damina

Ranar Lahadi, 29 ga Agustan 2021, muna zaune a falon wani abokina a Kubwa muna jiran ƙarfe biyu ta yi a fara tseren Formula 1 na ƙasar Beljiyam. Biyu ta yi, uku ta yi, muka tashi muka yi la'asar muka dawo, motocin na nan a lulluɓe, direbobin na cikin gareji wasu na hira wasu na gyangyaɗi. Kyamara ta rasa abin nunawa sai 'yan kallo a kan tuddan filin Spa, sun ƙudundune cikin rigunan leda, ƙafafu sun nutse a taɓo, ruwa na dukan su tun safe. Sai bayan biyar aka fito da motocin don a fara tseren, suka bi motar jagora a hankali kamar 'yan koyon tuƙi, zagaye biyu da ɗoriya, aka ɗaga jar tuta, shi ke nan. Aka ce Max Verstappen ya yi nasara, aka raba rabin maki, kowa ya kama gabansa.

Kawun abokin nawa yana wurin, tsohon direban tirela ne da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Legas da Kano. Ya dube mu ya ce, "Yanzu ku saboda Allah wannan kuka ɓata yini kuna jira? Mota ta biliyoyin kuɗi, yayyafi ya hana ta fita? Ni da na sha keta dajin Lokoja da tsakar dare, ruwa kamar da bakin ƙwarya, waifa ɗaya ke aiki?" Abokina ya ce, "Kawu, ai taka ba ta gudun kilomita 300." Ya ce to wannan kuma su suka jiyo.

Tambayar Kawu tana da amsa, zan kuma bayar. Amma tun daga ranar nake bibiyar yadda waɗannan filaye ke yi da ruwan sama, kuma abin da na lura shi ne kwaltar da ake tseren a kanta ita ce wadda suka fi iya wa. Inda ruwa ke kayar da su warwas yana bayan shinge, wurin da kyamara ba ta cika leƙawa ba: filin ajiye motoci, da ƙofar fita, da titin da zai mai da mutum gida.

Mu fara da kwaltar, tunda nan Kawu ya tsaya. Titin tsere a ido shimfiɗe yake sumul, amma ba a yin sa a kwance ɗam. Ƙa'idar FIA, hukumar da ke kula da wasannin mota a duniya, ta ce a miƙaƙƙen titi sai an ɗan karkata shi gefe, kada karkatar ta gaza kashi 1.5 cikin 100, kada ta wuce kashi 3. A titi mai faɗin mita 12, gefe ɗaya zai ɗara ɗayan tudu da santimita 18 zuwa 36 ke nan. Ido ba ya ganin wannan, ruwa yana gani. Yana gangarawa ya faɗa lambatu mai murfin ƙarfe, ya bi bututun ƙarƙashin ƙasa ya fice. Ɗan loko kaɗan a kwaltar ya isa ya ɓata lissafin duka. A 2018 aka sake shimfiɗa kwaltar filin tsere na Silverstone a Ingila, da ruwa ya sauka a ƙarshen Agusta lokacin tseren babura na MotoGP sai ga shi ya kwanta a tsakiyar titi, babura suka yi ta zubewa a wata kwana, wani mahayi ya karye a ƙafa. Ranar Lahadi aka yi ta ɗage lokaci har yamma, daga bisani aka soke tseren. Shekara na zagayowa aka kankare sabuwar kwaltar aka zuba wata.

Sai taya. Tayar tsere ta ranar da babu ruwa sulɓi ce, ba zane ko ɗaya, irin wadda in jami'in kiyaye haɗurra ya gan ta a motarka a shataletalen Berger sai ka yi dogon bayani. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai ke ba Formula 1 taya tun 2011, yana da iri biyu na ruwa, mai koren zobe don danshi da yayyafi, mai shuɗin zobe don ruwa sosai. Kamfanin ya ce mai shuɗin tana watsar da lita 85 a daƙiƙa guda in ana gudun kilomita 300. Fiye da jarka uku ta 'yan garuwa ke nan, taya ɗaya, kafin ka ƙifta ido. In ruwan ya fi ƙarfin zanen, tayar ta daina taɓa kwalta ta hau kan ruwa, mota ta zama kwale-kwale, ba birki ba sitiyari.

Amma amsar Kawu ta gaskiya tana cikin wannan lita 85 ɗin: ina ruwan yake tafiya? Sama yake tashi. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Kaduna cikin marka ya san farin feshin nan da ke rufe gilas. To ka ɗauka motoci 20 ne a jere, kowace na tayar da nata, kai kuma ba gilas ba waifa, daga kai sai hular kwano. Na gaba yana gani sarai, na biyar yana tuƙi ne da sauraron ƙarar injin na gabansa. In wani ya juye ya tsaya a tsakiyar hanya, na baya ba zai sani ba sai ya shige shi. Shi ya sa tayar shuɗi ta zama abin tsokana tsakanin direbobi: duk ruwan da ya kai a saka ta, ya kai a tsayar da tseren. FIA ta gwada sa wa tayoyin murfi irin madigadin babur, a Silverstone a 2023 da Fiorano ta Italiya a 2024, ba ta ga wani amfani ba, domin kaso mai yawa na feshin daga ƙarƙashin motar yake fitowa.

Taka-tsantsan ɗin da ya ba Kawu haushi da jini aka koye shi. A Oktoban 2014 a filin Suzuka na Japan, ana ruwan gaban guguwa, motar direba Jules Bianchi ta zame ta daki wata motar ɗaga kaya da ta shigo janye wata da ta riga ta faɗa a wurin. Bai farfaɗo ba har ya rasu a Yulin 2015 yana da shekara 25. Akwai kuma wata ƙa'ida da 'yan kallo ba su cika sani ba: in jirgi mai saukar ungulu na asibiti ba zai iya tashi ko sauka ba, kuma babu asibitin da mota za ta isa cikin ɗan lokaci, ba a sakin motoci ko da kwalta ta bushe. Haka ya faru a Shanghai a 2017 da Nürburgring ta Jamus a 2020, hazo kawai ya cinye atisayen Juma'a. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa in mun iso Abuja.

Amurkawa nasu salon daban. A manyan filayensu masu siffar ƙwai ba a tsere cikin ruwa sam, jira ake ya ɗauke a busar da titin da motoci masu ɗauke da injin jirgin sama suna hura zafi, daga 2013 kuma aka ƙara da masu tura ruwan da iska mai ƙarfi. A 2012 ruwa ya sa aka ɗage tseren Daytona 500 zuwa Litinin, karo na farko a tarihinsa, a daren kuma direba Juan Pablo Montoya ya afka wa ɗaya daga cikin motocin busarwar, mai ya malale, wuta ta kama titi. Da omo aka wanke kwaltar aka ci gaba.

Yanzu mu fita bayan shinge.

Babban filin tsere yakan cika maƙil kwana uku ko huɗu ne a shekara. Silverstone ta karɓi mutum 480,000 a ƙarshen makon tseren 2023, sauran ranakun shekara kuwa ba ta ganin ko kusa da haka. Babu mai hankalin da zai zuba kwalta a ɗaruruwan kadada saboda kwana uku, ko da yana da kuɗin ma hukuma ba za ta bari ba, domin duk ƙasar da ka rufe da kwalta ruwanta kan maƙwabci zai gangara. Saboda haka abin da ake kira filin ajiye motoci a yawancin wuraren nan makiyaya ce, ciyawa ce aka yanke, wata ta filin wata hayar manoman da ke kewaye. Da rani lafiya lau. Ranar da ƙasa ta sha ruwa kuwa, motoci ɗari na farko za su shige, su tsinka saiwar ciyawar da ke riƙe da ƙasar a bakin ƙofa, ɗari na biyu su kwaɓa, ta ɗari uku ta kafe. Mota ɗaya in ta kafe a ƙofa, layin da ke bayanta sai ya kai babban titi, babban titi ya tsaya, har motar asibiti da ta ma'aikatan filin su maƙale a ciki.

Na taɓa ganin irin wannan da idona, ba a Turai ba, a wani ɗaurin aure a bayan Lugbe cikin watan Satumba. An ware mana wani fegi da ba a gina ba, jar ƙasa, da muka shiga da safe tauri gare ta kamar siminti. Ruwa ya sauka ana cikin walima, minti arba'in bai fi ba. Da muka fito, wata ƙaramar mota ta riga ta nutse har cikinta a daidai mashiga, direban na ta taka totur, taya na juyi a wuri ɗaya tana fesa wa masu turi jan kwaɓi a fararen shaddodi. Wani dattijo na ta cewa, "Ɗan nan, sassauta ƙafarka, ƙara haƙa kake yi." Aka nemo katako, aka nemo buhunan siminti da aka yar, aka cusa ƙarƙashin taya. Mu motoci talatin ne ko arba'in, sai bayan magariba na ƙarshe ya fita. Ka ninka wannan sau dubu, ka samu Silverstone ta shekarar 2000.

A shekarar aka ɗauke tseren Ingila daga Yuli inda aka saba aka kai shi Afrilu, ƙarshen makon Ista, lokacin da ƙasa ba ta gama tsanewa daga ruwan hunturu ba. Filayen suka zama fadama, taraktoci suka kwana jan motoci, ranar Asabar aka rufe wuraren fakin. Abin ya zama abin kunya ga ƙasar da ke alfahari ita ta karɓi tseren farko na gasar duniya a 1950, a wannan fili da asalinsa sansanin jiragen yaƙi ne. Bayan nan aka faɗaɗa titin A43 da ke wucewa ta gefensa ya zama tagwaye, aka daddaɓe wasu wuraren. Duk da haka a Yulin 2012 ruwa ya sake kama su. Ranar Juma'a mutane suka yi sa'o'i a cikin mota a kan hanya, da yawa ba su ga ko tayar motar tsere ba.

Matakin da masu filin suka ɗauka a daren nan shi ne ya fi burge ni a duk labarin, duk da zagin da suka sha. Suka roƙi dubban mutanen da ke da tikitin fakin a ciyawa da kada su zo ranar Asabar, za a mayar musu da kuɗinsu. Dalili shi ne ciyawa tana da adadin tayar da za ta iya ɗauka kafin ta mutu, kuma ba ta farfaɗowa cikin dare ɗaya. In ka kashe ta ranar Asabar, ranar Lahadi da kowa zai zo babu inda za a saka mota. Suka sadaukar da Asabar, suka yini suna zuba abin da zai riƙe ƙasa, Lahadi aka buɗe aka yi tsere. Mai tsara taro da ya san aikinsa yana kallon fili ne kamar yadda mai gida ke kallon buhun hatsi a watan Agusta, yana lissafin kwanakin da suka rage.

Dabarun da ake amfani da su yanzu ba wasu na sihiri ba ne. Ba a daɓe filin duka, hanyoyin da ke ratsa shi kawai ake zuba wa tsakuwa, ko a shimfiɗa faifan ƙarfe ko na roba da ake haya a naɗe bayan taro, musamman a bakin ƙofa inda kowace mota dole ta taka. Ana fara cika wuraren da suka fi kwari da nisa a ranakun farko, a ajiye tudu da daɓaɓɓen wuri don ranar ƙarshe. Ana jera motoci fuska na kallon gangara don kada a buƙaci ribas. Ana ɗaukar manoman yankin da taraktocinsu su tsaya cikin shiri. Ƙofar shiga daban, ta fita daban.

Amma ko ƙasa ta bushe ƙayau, akwai lissafin da ba ya canzawa. Masana zirga-zirga na ƙiyasta cewa layi ɗaya na titi, in komai na tafiya daidai, yana wuce da mota 1,800 zuwa 2,000 a sa'a. Mu ɗauka misali motoci 30,000 ne a fili, titin fita kuma layi biyu ne. Sa'a takwas ke nan, in ba wadda ta mutu a hanya, ba wanda ya yi ratse. Wanda ke bin Nyanya zuwa Mararaba da yamma ba ya buƙatar a fassara masa. Filin Kentucky a Amurka ya gamu da wannan a 2011, ranar da ya karɓi babban tseren NASCAR (gasar tseren motoci ta Amurka) na farko: dubban masu tikiti ba su iso ba har aka gama. Filin Paul Ricard na Faransa, da ke kan tudu da 'yan ƙananan hanyoyi, ya sha irin wannan a 2018. Duka biyun ba taɓo ne ya kama su ba, lissafi ne.

Shi ya sa aka koma ga rage motocin tun daga nesa: ka ajiye taka a wani gari ko wani daɓaɓɓen fili mai nisa, bas ta ƙarasa da kai. Bas ɗaya na ɗauke motoci ashirin daga titi. Sai dai an gudu ba a tsira ba in ba a gina wa bas ɗin hanya ba. Filin Fuji na Japan ya gwada haka a 2007, ya hana zuwa da mota, ruwa ya sauka, hanyar bas ɗin ta lotsa, mutane suka yi sa'o'i a tsaye cikin ruwa da sanyi, wasu ba su ga farkon tseren ba, wasu har kotu suka je.

Waɗanda suka fi kowa warware matsalar, a ganina, mutanen Holan ne. Zandvoort ɗan gari ne a bakin teku, tsakanin tuddan yashi, hanyoyin shigarsa ba su taka kara sun karya ba. Da Formula 1 ta koma can a 2021 kowa ya ce za a ga cunkoson da ba a taɓa gani ba. Sai suka rufe garin ga motocin baƙi kwata-kwata. Jirgin ƙasa daga Amsterdam duk minti biyar, ga manyan wuraren ajiye kekuna, mutum ya bar motarsa a nesa ya hau keke ya ƙarasa. Filin na ɗaukar mutum sama da 100,000 a rana, kuma yana watsewa ba tare da labari ba. Montreal ta Kanada ma fili ne a kan tsibiri, jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kai yawancin mutane. Indianapolis ta Amurka kuwa, inda mutum kusan 300,000 ke taruwa rana ɗaya, ta bi hanyar da ta fi kama da tamu: mazauna unguwa su buɗe farfajiyar gidajensu, su karɓi kuɗin fakin, motoci su warwatsu a ɗaruruwan lunguna maimakon ƙofa ɗaya.

Shi kuma taron jama'a halinsa ɗaya ne a ko'ina, a filin Idi ko a filin tsere. Shigowa a warwatse ake yi, wani tun asuba wani da hantsi, amma fita lokaci guda ce. Ruwa yana ƙara matse wannan lokacin, domin wanda zai tsaya ya sayi abinci ya yi hoto, yanzu gudu yake ya isa mota. Don haka masu fili ke neman abin da zai riƙe wani kaso: a sa kaɗe-kaɗe bayan tsere, a buɗe titin mutane su taka zuwa gaban mumbarin ba da kofi, a bar masu tanti su kwana sai Litinin. Kallo ne a ido, amma a takardar masu tsaro hanya ce ta raba fita gida uku. A waje kuma 'yan sanda su mai da titunan kewaye hannu ɗaya, da safe duk ciki, da yamma duk waje, a ware hanya guda da ba mai taka ta sai motar asibiti.

Wannan tunani tsoho ne. A Le Mans ta Faransa, ranar 11 ga Yunin 1955, mota ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Ba a tsayar da tseren ba, kuma dalilin da masu shirya shi suka bayar shi ne in aka sallami jama'a lokaci guda za su toshe hanyar da ake kwasar masu rauni. Har yau ana gardama kan wannan hukunci, amma kowa ya yarda da tsoron da ke bayansa. Shi ne kuma ya sa aka soke tseren Imola ta Italiya a Mayun 2023, lokacin ambaliyar yankin Emilia-Romagna. Kogin Santerno da ke gefen filin ya cika, amma babbar hujjar ita ce ba daidai ba ne a janye 'yan kwana-kwana da motocin asibiti daga mutanen da ruwa ya ci gidajensu a kawo su gadin wasa.

Tsawa ita ce ta fi wuyar sha'ani. Ruwa jiƙa ka zai yi, aradu kuwa a kan benen kallo na ƙarfe ba wasa ba ce. A 2012 tsawa ta kashe wani ɗan kallo a filin ajiye motoci na Pocono a Amurka. Yanzu in na'ura ta nuna walƙiya a kusa, tsayar da komai ake a ce mutane su sauka, kamar yadda aka yi a Indianapolis a 2024 inda aka jinkirta tseren sa'a huɗu. To su sauka su je ina? Babu rumfar da za ta ɗauki mutum dubu ɗari. Mafakar da ake tura su ita ce motocinsu, waɗannan dai motocin da muka gama cewa su ne matsala. Wanda ya zo a bas ko a keke sai ya nemi ƙarƙashin gada.

Akwai kuma kuɗi, wanda shi ke sa a yi ta jan mutane a cikin ruwa maimakon a sallame su. Zargin da ake yi shi ne tsere in an ce an yi shi, ko zagaye biyu ne, kwangila ta cika. Shi ya sa 'yan kallon Spa suka ji an yi musu wayo, direba Lewis Hamilton ma ya fito ya ce a mayar musu da kuɗinsu. Daga 2022 aka gyara doka, ba a ba da maki sai an yi aƙalla zagaye biyu na tsere na gaske ba bayan motar jagora ba. Agogon talabijin ma na da laifi. A Maleshiya a 2009 aka kai farkon tsere ƙarfe biyar na yamma don Turawa su kalla da hantsi, alhali kowane ɗan garin ya san lokacin hadari ke nan. Ruwa ya sauka, duhu ya biyo, aka tashi da rabin maki.

To ina ruwan Abuja da wannan duka? Rabon Formula 1 da Afirka tun 1993 a Kyalami ta Afirka ta Kudu. Amma duk wanda ke garin nan ya san samarin da ke fitowa wasan mota a manyan tituna a ƙarshen mako, taya na hayaƙi, 'yan kallo a tsaye a bakin kwalta ba shinge ba komai, kuma duk lokacin da aka kore su sai an ji masu cewa a gina musu fili. Ina goyon bayan haka. Sai dai duk hirar da na ji, kan kwalta da kwane-kwanen titi take ƙarewa.

Ruwan Abuja ba irin na Ingila ba ne. A shekara ya kai kusan ninki biyu na Landan, kuma cikin wata bakwai yake sauka, daga Afrilu zuwa Oktoba, sau da yawa a dunƙule da iska da tsawa cikin sa'a guda. Lambatun da zai wadatar a Silverstone a nan wasa ne, mutanen Lokogoma da Galadimawa shaida ne. Maganin da ya fi araha shi ne kalanda, a sa manyan taruka tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ƙasa ta yi tauri, kowane fegi ya zama wurin fakin. Amma a nan ne maganar jirgi mai saukar ungulu ke dawowa, domin watannin nan su ne na hazon hunturu, wanda kan hana manyan jirage ma sauka a wasu ranaku. Dole filin ya kasance inda motar asibiti za ta kai babban asibiti da wuri ta hanyar da 'yan kallo ba su toshe ba. Wannan kaɗai ya fitar da yawancin filaye masu arha na bayan gari daga lissafi.

Abin da Zandvoort ta yi da keke, mu da acaɓa da Keke Napep za mu yi shi, amma an hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006. Abin da muke da shi, wanda ba a cika tunawa da shi ba, jirgin ƙasan cikin gari ne, da aka buɗe a 2018 aka sake farfaɗo da shi a 2024, yana da tasha a filin wasa na ƙasa, da Idu, da filin jirgin sama. Duk filin da aka gina a kan Titin Filin Jirgi ba tare da jingina da wannan layin dogo ba, ranar taro zai haɗa 'yan kallo da matafiya da mutanen Lugbe a layi ɗaya.

Mun ma riga mun ga gwaji. Ranar 29 ga Maris 2022, wasan Najeriya da Ghana a filin Moshood Abiola, mai kujeru kusan 60,000, an sallami ma'aikata da wuri don su cika fili, aka yi ta turereniya a ƙofofi, da aka tashi 1-1 kuma jama'a suka ɓalle cikin fili, FIFA ta ci tarar Najeriya. Ciyawa suka tarar a can. A Melbourne ta Ostireliya a 2023 'yan kallo sun keta shinge sun hau titi motoci ba su gama wucewa ba, abin da ya sa aka hana shiga titin bayan tsere a 2024. Shingen filin tsere aiki biyu yake yi, ya tare ƙarfen da ke tashi daga ciki, ya tare mutanen da ke turowa daga waje, kuma ginshiƙansa a cikin wannan jar ƙasar tamu za a kafa su, wadda da safe siminti ce, bayan minti arba'in na ruwa kuma ta zama kunu.